Darasin Lambu: Bilakberi da 'Yan Uwansa, Wane Kara Ake Yankewa?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a darasin lambu. Yau a kan bilakberi za mu tsaya, wato tsiron nan mai ƙaya da ke yin baƙaƙen 'ya'ya masu gudaji-gudaji, sannan mu taɓo 'yan uwansa, musamman rasberi.

Su biyun gida ɗaya suka fito, gidan da masana tsirrai ke kira Rubus, kuma a babban dangi suna tare da furen wardi da tuffa da sitiroberi. Mutane da yawa suna rikita su, to ga yadda ake raba gardama. Ka tsinki ɗaya ka duba gindinsa. Idan ya fito da rami a tsakiya, farin ƙullin cikinsa ya tsaya a jikin reshe, wannan rasberi ne. Idan kuwa ƙullin ya biyo shi, babu rami, to bilakberi ne. Kada ku dogara da launi, domin akwai baƙin rasberi, shi kuma bilakberi ja ne kafin ya nuna. Akwai kuma mulberi, wanda 'ya'yansa suka yi kama da nasu a ido, amma shi bishiya ce, dangin ɓaure, babu abin da ya haɗa su.

To, yanzu ku ba ni hankalinku, domin abin da zan faɗa shi ne gindin darasin gaba ɗaya. Saiwar bilakberi tana rayuwa shekara da shekaru a cikin ƙasa, amma kowane kara da ya fito daga cikinta shekara biyu kacal yake yi a duniya. A shekarar farko kara yana tohowa, ya yi tsawo, ya yi ganye, amma ba fure ba 'ya'ya. Sai ya wuce hunturu, a shekara ta biyu, sannan ƙananan rassa su fito a jikinsa, su yi fure, su ba da 'ya'ya. Da an gama tsinka, wannan karan ya gama aikinsa, bushewa zai yi, ko da me ka zuba masa ba zai sake haihuwa ba.

Ke nan a kowane lokaci, a gindi ɗaya, kana da kara iri biyu tsaye tare: na bana da na bara. Na bara shi ke ciyar da kai yanzu, na bana shi ne abincin baɗi. Mai lambun da bai gane wannan ba, ɗaya daga cikin ɓarna biyu yake yi. Ko dai ya ga wurin ya yi duhu ya ɗauki adda ya sassabe komai, sai baɗi ya zauna yana kallon ganye yana cewa irin ne ba shi da kyau. Ko kuma ya ji tsoron yanka ya bar komai, matattun karare su cakuɗe da masu rai, iska ba ta shiga, funfuna ta samu wurin zama, hannu ma ba ya iya kaiwa ciki saboda ƙaya.

Yaya za ka gane wanda za ka yanke? Karan bana ɗanye ne, kore ko ja-ja, fatarsa sumul, ganyensa manya. Na bara ya yi ruwan ƙasa, ya yi tauri, kuma za ka ga ragowar sandunan da 'ya'ya suka rataya a jikinsa. Shi za ka bi har gindi, ka datse shi daf da ƙasa da almakashin lambu mai kaifi. Kada ka bar kututture mai tsawo, kuma ka kwashe abin da ka yanke daga wurin gaba ɗaya, domin cututtuka a jikinsa suke kwana. Ka sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu, ƙayar nan lanƙwasasshiya ce, in ta kama ba ta saki da sauƙi.

Ni abin da nake ba da shawara, tun farko ka raba su. Ka kafa turaku, ka ja waya layi biyu ko uku, ta sama ta kai kamar mita ɗaya da rabi. Kararen da za su haihu bana ka ɗaure su a ɓangare ɗaya, sababbin da ke fitowa ka karkata su ɗaya ɓangaren. Ranar yanka ba sai ka tsaya bincike ba, ɓangare guda za ka share. Wannan ya fi muhimmanci ga irin da ke yaɗo a ƙasa, wanda kararensa ke yin mita uku ko fiye. Shi kuwa irin da ke tsayawa da kansa, idan sabon kara ya kai kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da 'yan kai, sai ka tsinke kansa da yatsa. Hakan zai sa ya fitar da rassa a gefe, kuma a kan waɗannan rassan 'ya'ya suke fitowa. A ƙarshen hunturu sai ka rage tsawonsu zuwa santimita 30 ko 45.

Wani zai ce ai ya ga bilakberi da ya haihu a shekarar da karan ya fito. Gaskiya ne, akwai shi. Jami'ar Arkansas a Amurka ta fitar da irin wannan a 2004, masu suna Prime-Jim da Prime-Jan, daga baya a 2013 ta fitar da Prime-Ark Freedom wanda ba shi da ƙaya. A wajen rasberi ma akwai masu wannan hali tun da daɗewa. Irin waɗannan kaɗai ne za ka iya sassabewa gaba ɗaya a hunturu, su sake tohowa su ba ka 'ya'ya. Saboda haka kafin ka sayi dashe, tambayar farko ita ce: a karan bana yake haihuwa ko a na bara?

Tambaya ta biyu ita ce ta sanyi. Yawancin bilakberi da rasberi suna buƙatar su yi barci a cikin sanyi na ɗaruruwan awoyi kafin idanun jikin kara su buɗe yadda ya kamata. Inda babu wannan sanyin, tsiron zai yi ganye sharaf, fure kuwa kaɗan. Amma akwai irin da ba ya buƙatar sanyi mai yawa, kamar Tupy da aka samar a Brazil. Da shi ne manoman jihar Michoacán a Meziko suka bunƙasa noman, suna zubar wa tsiron da ganye da gangan don ya farka ya yi fure, har Meziko ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da bilakberi.

Batun ƙasa ba shi da wahala. Yana son rana sosai, da ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wadda ma'auninta na pH yake tsakanin 5.5 da 6.5, kuma wadda ruwa ba ya kwanciya. In ƙasarka laka ce, ka tayar da kunya ka dasa a kai, ka haɗa da ruɓaɓɓen taki. Tsakanin gindi da gindi ka bar kamar mita ɗaya ga mai tsayawa, mita biyu zuwa uku ga mai yaɗo. Saiwarsa ba ta nisa, don haka kada ka zurfafa fartanya kusa da gindi, gara ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ta riƙe laima. Kuma kada ka dasa shi inda aka cire tumatir ko dankalin turawa ko barkono ko gauta kwanan nan, domin akwai wata cutar yaushi da ke zama a ƙasa, tana kama su duka.

Sai gargaɗi. Bilakberi kamar baƙon da aka ba tabarma ne, in ba ka lura ba sai ka tarar ya mallaki ɗakin. Duk inda kan karansa ya taɓa ƙasa, saiwa yake yi, sabon gindi ya tashi. Rasberi kuma ta ƙarƙashin ƙasa yake bi ya ɓullo a nesa. Tsuntsaye su ci 'ya'yan su kai irin wani wuri. A 1885 masanin tsirrai Luther Burbank ya yaɗa wani iri a Amurka da sunan bilakberin Himalaya, alhali asalinsa daga yankin Armeniya ne. Yau ya cinye bakin koguna da gefen hanyoyi a arewa maso yammacin Amurka, a Ostareliya ma bilakberi yana cikin jerin ciyayin da gwamnati ke yaƙa. Amma wannan halin nasa shi ne kuma hanyar samun dashe kyauta: ka lanƙwaso kan sabon kara, ka binne shi santimita kaɗan, in ya kama saiwa ka yanke shi daga uwar ka dasa.

Da yake gidansu ɗaya, suna barbara da juna, kuma daga nan aka samu wasu 'yan uwan. Loganberi ya fito ne a lambun wani alƙali, James Harvey Logan, a Santa Cruz ta Kalifoniya a 1881. Boisenberi ya ɗauki sunan Rudolph Boysen, mai lambun da ya samar da shi. Teberi kuma a Sikotilan aka samar da shi, aka sa masa sunan kogin Tay. Duk waɗannan masu yaɗo ne, kuma dokar kara mai shekara biyu ta hau kansu.

A ƙarshe, tsinka. Baƙi ba shi ne nuna ba. Idan ɗan itacen ya yi baƙi yana sheƙi, har yanzu da sauran tsami. Ka jira sheƙin ya dushe, ya ɗan yi laushi, in ka taɓa shi ya biyo hannunka ba tare da ja ba. Ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, don haka gaggawa asara ce. Ka tsinka da sanyin safiya bayan raɓa ta bushe, ka zuba a faffaɗan mazubi mara zurfi don na sama kada su danne na ƙasa, kuma kada ka wanke sai lokacin ci. Idan ka ga wasu ƙwayoyin sun yi fari a gefen da rana ke bugu, ƙunar rana ce, ba cuta ba ce, ana iya ci. Sai ka riƙa zagayawa duk bayan kwana biyu ko uku, domin ba tare suke nuna ba, kuma wanda ya wuce lokaci a jikin reshe shi ke jawo ƙananan ƙudajen da ke yin ƙwai a cikin 'ya'yan.

Nan za mu dakata, sai mun haɗu a darasi na gaba. A huta lafiya.