Idan madam za ta haihu da tiyata kana ƙasar waje: hirar fodkas daga Katsina

Malam: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ga mu nan kuma daga Katsina, nan Ƙofar Ƙaura, in kun ji ƙarar janareto ku yi mana haƙuri. Yau mu ukun mun cika, ga Sista, ga kuma Injiniya wanda kullum sai ta waya muke samunsa daga Ingila, yau Allah ya kawo shi gida hutu. Injiniya ya hanya, ya mai ɗakin naka da 'yar jaririya?

Injiniya: Lafiya lau Malam, Alhamdulillahi, yarinya har ta fara zama, wata bakwai kenan.

Malam: Masha Allah, Allah ya raya. To maganarta ce ma ta tara mu yau, don saƙonni sun yi yawa daga 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a waje, wai likita ya ce ma madam sai dai a yi mata aiki, su kuma ba uwa kusa ba suruka, ba su san ta inda za su kama ba. Kai da abin ya faru da kai, me ya fara ba ka mamaki?

Injiniya: Biro. Wallahi Malam biro. Mun kwana ana naƙuda, can wajen asuba na'urar da ke auna bugun zuciyar yarinya ta fara nuna yana sauka yana dawowa, sai likita ta shigo da takarda, ni kuma da na saba da yadda ake yi a gida kawai sai na miƙa hannu in sa hannu, ta wuce ni ta je ta durƙusa gefen gadon madam tana mata bayani ɗaya bayan ɗaya, ga dalili, ga abin da ka iya faruwa, kin yarda? Ita ta sa hannu. Ni ba wanda ya nemi izinina, da suka so in tsaya a ɗakin ma sai da suka tambaye ta ko tana so in tsaya.

Sista: Kuma haka ya kamata ƙanena, jikinta ne za a yanka. Ni shekaruna nawa a ɗakin haihuwa a nan, abin da ya fi ci min rai shi ne mace tana zubar da jini ana cewa a jira maigida ya dawo daga kasuwa, ko a jira baban maigida. Awa biyu awa uku. Duk wanda ya taɓa shiga asibitin Babbar Ruga ya ga matan da ke fama da yoyon fitsari ya san abin da doguwar naƙuda ke yi, kan yaro ya tokare ya danne mafitsara har nama ya mutu, aikin da bai kai awa ɗaya ba da an yi da wuri da ya hana.

Malam: Allah ya sawwaƙe. Amma Sista mutane na cewa su Turawa saurin yanka gare su.

Sista: To akwai ƙamshin gaskiya, lissafin ya bambanta sosai. A Amurka kusan haihuwa ɗaya cikin uku da tiyata ake yi, Ingila ma yanzu ta haura hakan. Mu kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai a Najeriya, kuma ba wai don matanmu sun fi ƙarfi ba ne, masu buƙata ne ba sa samu. Don haka in kana can ka sa a ranka tun cikin yana ƙarami cewa zai iya faruwa. Iri biyu ne. Akwai wanda ake sa rana, misali yaro ya zo a zaune ko a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya, wannan yawanci sai ciki ya kai sati 39 ake yi saboda huhun yaro ya ƙosa. Akwai kuma na gaggawa irin na su Injiniya, wanda in abin ya yi tsanani a ƙa'idar Ingila cikin minti 30 ake son a ciro yaro daga lokacin da aka yanke shawara.

Injiniya: Ai gudun da suka yi da gadon nan ban taɓa ganin irinsa ba. Aka miƙo min riga da wando shuɗɗa irin nasu da hula, aka ce in canza. Kuma abin da nake so 'yan uwa su ji, za a ce ka shiga. Ciki fa, ɗakin tiyatar. Ni ɗan Katsina, 'yar fari ce, a gida ko sunanta ba zan kira a gaban manya ba saboda kunya, ga shi ana cewa in zo in zauna a kan matata ana mata aiki. Na tsaya jim. Sai na tuna in ban shiga ba to ba ta da kowa a ɗakin nan da zai ce mata sannu da Hausa.

Malam: Allahu akbar. To ya ɗakin yake?

Injiniya: Haske kamar rana, ga sanyi, ga mutane, ni na ƙirga tara, likitoci biyu masu aikin, mai allurar kashe jiki da mataimakinsa, nas-nas, ungozoma, likitan jarirai yana gefe da ɗan gadonsa mai fitila. Kar yawansu ya tsorata ka ka ɗauka wani abu ya lalace, haka tsarin yake. Suka sa ta zauna ta lanƙwasa baya aka yi mata allura a gadon baya, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu amma idonta biyu tana magana da ni. Mai allurar ya ɗauko wani abu mai sanyi yana fesa mata yana tambaya kin ji sanyi nan? Nan fa? Sai da ya tabbatar sannan suka fara. Aka sa labule a kan ƙirjinta, ni ina zaune kan wata 'yar kujera daidai kanta, ba na ganin komai sai fuskarta.

Sista: Faɗa masu maganar karkarwa.

Injiniya: Kai Anti, wannan ita ta fi tayar min da hankali. Jikinta ya kama rawa, haƙora na haɗuwa kaf-kaf-kaf, hannunta da na riƙe yana ta girgiza, na ce shikenan jijjiga ce. Mai allurar ya dube ni ya ce maganin ne, yana sa haka, zai wuce. Sannan akwai wani ƙauri da za ka ji kamar ana babbaka, na'urar da ke tsayar da jini ce. Da wani ya gaya min waɗannan biyun tun a gida da ban shiga halin da na shiga ba.

Sista: Kuma za ta ji ana ja ana dannawa, har gadon na motsi, amma ba zafi. In ta ce zafi take ji, zafi na gaske, to kai ne bakinta, ka faɗa da ƙarfi kar ka ji nauyin kowa, akwai abin da za su ƙara mata. Tashin zuciya ma na zuwa saboda allurar na sa awon jini, wato BP, ya sauka. Shi yaro cikin minti 10 na farko yawanci an ciro shi, ɗinkin ne ke ɗaukar lokaci, duka-duka minti 40 zuwa 50. Yankan a kwance yake can ƙasan mara, santimita 10 zuwa 20. Abu ɗaya kuma, in gaggawar ta kai sai an sa ta barci gaba ɗaya, to galibi ba za a bar miji ya shiga ba, za ka jira a waje, wannan ba wulaƙanci ba ne.

Malam: To huɗuba fa? Don wani ya rubuto yana tambaya ko za su bari.

Injiniya: Sun bari, har shiru suka yi min. Tun lokacin awo akwai takardar da ake rubuta yadda kuke so haihuwa ta kasance, mun rubuta cewa mu Musulmi ne, uba zai yi kiran salla a kunnen jariri, kuma muna son mabiyiya mu tafi da ita mu binne. Da aka goge ta aka ɗora ma uwar a ƙirji, daga baya hannun uwar ya gaji aka miƙo min, na kai bakina kunnenta na dama, Malam muryata ta ƙi fita daidai, sai da na sake farawa. Mabiyiyar ma sun ba mu a cikin roba mai murfi bayan mun cike wata takarda. Likita mace kuma za ka iya roƙa, in akwai za su ba ku, amma da tsakar dare wanda ke bakin aiki shi za ka samu, gara ku yi wannan maganar kai da madam tun da wuri. In Turancinta bai yi ƙarfi ba asibitin gwamnati na nemo tafinta kyauta, kuma sun fi son nasu a kan miji ya fassara.

Sista: Dabino a ɗan shafa a dasashi ba laifi, amma dan Allah ban da zuma, ba a ba yaro zuma sai ya shekara. Kuma za su nemi izinin yi masa allurar bitamin K, ku yarda, tana hana zubar jini.

Malam: To an fito lafiya. Ni a nawa tunanin nan ne wahalar ta ƙare.

Injiniya: Nan ta fara Malam. A gida mace ta haihu, uwa na nan, gwaggo na nan, maƙwabta na shigowa da kunu da farfesu, wata ma gidansu za ta tafi wanka sai ta yi arba'in. Can kwana ɗaya zuwa biyu an sallame ku. Mu kwana biyu muka yi. An cire robar fitsari bayan kamar awa 12, aka ce ta tashi ta taka, na riƙe ta tana tafiya a duƙe kamar tsohuwa, taku biyar ta ce a mayar da ita. Muka dawo gida hawa na biyu ba lifta. Ba za ta ɗauki abin da ya fi jaririyar nauyi ba, ba tuƙi sai wajen sati shida, in za ta yi tari sai ta danna filo a ciki. Da dare yarinya ta yi kuka ni zan tashi in ɗauko in miƙa mata, in karɓa in sa ta gyatsa, in canza famfas, in dafa abinci, in yi wanki. Hutun da doka ta ba uba a Ingila sati biyu ne, kuma wallahi bai isa ba, duk wanda zai iya ya tara hutunsa na shekara ya haɗa. In kana so Hajiya ta zo taya ku zama, ka fara shirin neman biza tun ciki na wata huɗu biyar, mu mun makara ba ta samu zuwa ba.

Sista: 'Yan Amurka kuma su duba inshorarsu tun kafin ranar, don can kuɗi ne mai yawa. Akwai dokar 1996 da ta ce inshora ta biya zaman asibiti har awa 96 bayan tiyata, kar a kore ku da wuri ba ku sani ba. Hutu kuma na tarayya sati 12 ne amma ba albashi, kuma ba kowane ma'aikaci ya cancanta ba.

Injiniya: Sai allurar hana daskarewar jini, kwana 10 aka ba mu, kullum ɗaya, ni nake mata da hannuna. Daga baya na karanta takardar na ga asalin maganin daga hanjin alade ake samo shi, hankalina ya tashi, na kira malamina ya yi min bayanin lalura, muka ci gaba. Shawarata a tambayi likita da malami tun kafin ranar, kar mutum ya dakatar da kansa.

Sista: Kar ya dakatar kam, jini in ya daskare a ƙafa ya tafi huhu kisa yake yi. To bari in zo kan wadda na san za a yi min faɗa, wankan jego.

Malam: Hajiyoyinmu na saurare fa Sista.

Sista: Su saurara, iyayena ne, ina girmama su. Amma wadda aka yi wa aiki ba a watsa mata tafasasshen ruwa da ganye, ba a gasa mata ciki da tawul, ba a tamke mata ciki a kan ɗinki. Ruwa mai ɗumi, a wanke wurin a hankali a busar. Kunun kanwa kuma cike yake da gishiri, likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka rubuta yadda shi da zafin wanka ke da hannu a ciwon zuciyar masu jego, balle wadda dama hawan jini ne ya kai ta tiyata. A yi mata kunun gyaɗa, farfesu, ganye, ruwa da yawa don cikinta ya saki.

Injiniya: Ni kullum sai an kira ni a bidiyo ta WhatsApp ana tambaya an yi wankan? Sai na ce Hajiya likita ya hana sai ɗinki ya warke, na ɗora a kan likita, kuma na hana a riƙa tambayarta ita kai tsaye. Wata 'yar uwa ma ta ce mata wai 'yan matan yanzu ragwaye ne ba sa iya haihuwa da kansu. Na same ta tana kuka a kicin. Wannan maganar ta fi yankan yi mata ciwo, kuma tun ranar na ce duk mai son gaisuwa ya biyo ta wayata.

Sista: Ka kyauta. Kuma ka sa ido a kan kukan nan, na kwana uku huɗu na farko an saba gani, amma in ya wuce sati biyu ba ta barci ba ta cin abinci ba ta son ɗaukar yaro, a gaya ma ungozoma ko likita, ciwo ne mai magani. Haka in ka ga zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana ruwa yana wari, ko jini na zuba da guda-guda, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ciwon kai mai tsanani ido na ganin dishi-dishi, a kira asibiti a lokacin. In numfashi ne ke sarƙewa ko ƙirji na ciwo, 999 a Ingila, 911 a Amurka, ba jiran gari ya waye.

Malam: Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan uwa a Daura, ƙaninsa ne ke waje, wai in an yi wa mace sau ɗaya shikenan kullum sai an yi?

Sista: A'a. Cikin mata huɗu da aka yi wa sau ɗaya suka gwada haihuwa da kansu a ciki na gaba, kusan uku na haihuwa lafiya, amma a asibiti ana sa ido, ba a gida ba. A dai ba mahaifa hutu, a bar aƙalla shekara kafin wani cikin, likita zai faɗi abin da ya dace da ita. Kuma in za ku dawo gida Najeriya ku karɓo takardar bayanin aikin, mu nan in kuka kawo mana ita mun san irin yankan da aka yi.

Injiniya: Tamu na cikin jakar fasfo. Suna kuma mun yi a rana ta bakwai, rago a nan Katsina aka yanka, mu can mutum shida ne a falo, ita tana kwance kan kujera da filo a ciki.

Malam: Allah ya ƙara mata lafiya. An kira la'asar jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.