Fodkas: Wace bindigar mashi ta dace da mai nutso da tukunyar iska?

Aminu: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau muna tare da Yaya Bashir daga Florida, ga kuma Hadiza. Yaya, mutum ya iya nutso da tukunyar iskar shaƙa goye a baya, yana son ya fara harbin kifi, wace bindiga zai saya?

Bashir: Toh Aminu, kafin ya taɓa aljihu ya fara tambayar doka tukuna. Nan Florida an yarda a ruwan teku, amma a Bahar Rum dokar Tarayyar Turai ta hana haɗa bindigar mashi da tukunyar iska, Afirka ta Kudu ma sai dai ka riƙe numfashi ka nutsa.

Hadiza: Ikon Allah. To ita bindigar kala nawa ce?

Bashir: Biyu ne manya. Akwai ta roba, kamar danƙon harbin tsuntsu, ka ja robar ka maƙale a jikin mashin. Akwai ta iska wadda ake yi wa famfo, irin su Mares da Cressi na Italiya. Ta iska gajera ce ga ƙarfi, amma kinga duk mita 10 da kika yi ƙasa nauyin ruwa ƙaruwa yake, yana danne mata ƙarfi, mu kuma masu tukunya mukan kai mita 20 zuwa 30, ga ƙara idan ta tashi, in ta fara yoyo kuma sai mai gyara. Ta roba kuwa da idonka za ka ga robar ta fara tsagewa daga bakin ɗaurin, ka canza da hannunka a cikin jirgi.

Aminu: Ni da na ɗauka doguwa ta fi.

Bashir: Nan mutane ke asarar kuɗi wallahi. Ruwan ne ke zaɓar tsawon. In ruwa ya yi duhu, ko kifin yana cikin kogon dutse ko tsohon jirgin da ya nutse, santimita 75 zuwa 90 ta isa, ka juya ta da hannu ɗaya. Masu 110 zuwa 130 irin na Rob Allen ko Riffe na buɗaɗɗen ruwa ne garau. Kuma ka tuna kirjinka cike yake da kaya, ga riga ga tiyo, ɗana doguwa a kirji wahala ce, gara wadda za ka kafa a ƙugu ka ja.

Hadiza: Ni igiyar da ke haɗa mashin da bindigar ce ke ban tsoro Yaya.

Bashir: Kina da gaskiya. Sau ɗaya na harbi kifi ya zagaya ni, igiyar ta naɗe tiyon da nake shaƙa, ina jin abin bakin yana zamewa daga haƙorana, da wuƙa na yanke. Tun ranar gajeriyar igiya nake sawa, wuƙa kuma a inda kowane hannu zai kai.

Aminu: Subhanallahi. Mashin fa?

Bashir: Wajen duwatsu mai kauri, milimita 7 zuwa 8, siriri lanƙwashewa yake. Sannan gilashin fuska yana nuna kifi ya fi girma ya fi kusa, sabon shiga sai ya harba tun bai kai ba.

Hadiza: A ina ake ɗana bindigar, cikin jirgi?

Bashir: A'a sam! Sai an shiga ruwa, kuma a sauke robar kafin a miƙa wa na cikin jirgi, ta gindi, tsinin yana kallon ruwa.