Mudun da Ake Auna Makarantun Gwamnati da Shi a Amurka

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk shekara, da zarar sanyi ya ja baya a Amurka, tsakanin watan Maris da Mayu, akwai makonnin da makarantun gwamnati kan yi tsit. A liƙa takarda a ƙofar aji kada kowa ya shigo, a karɓe wayoyi, a aika wa iyaye saƙo cewa yaro ya kwanta da wuri kuma ya karya kafin ya fito. Jarrabawar jiha ce ta zo. Daga aji 3 zuwa aji 8, wanda a lissafinmu ya kama daga aji 3 na firamare zuwa aji 2 na ƙaramar sakandare, ana gwada kowane yaro a karatu da lissafi duk shekara, sannan a sake gwada shi sau ɗaya a babbar sakandare. Kimiyya kuwa sau uku ake gwada shi a kanta a tsawon karatunsa.

Wanda ya saba da WAEC ko NECO zai ɗauka yaron ake nema. A gaskiya makarantar ake aunawa. A yawancin azuzuwa, yaron da ya faɗi ba ya maimaita aji saboda wannan jarrabawa. Makin nasa kan tafi ne a haɗa shi da na 'yan'uwansa, a ce ga matsayin makarantarku, ga matsayin shugabanta, ga na hukumar ilimin gundumarku. Daga nan ne ake yabo, daga nan ne kuma ake hukunci.

A tsarin Amurka ilimi hurumin jihohi ne. Abin da gwamnatin tarayya ke zubawa a makarantu, a yawancin shekaru, bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa ba. To amma tun 1965, lokacin da Shugaba Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa a kudancin Texas, ya sa hannu a dokar tallafa wa makarantun marasa galihu, Washington ta samu igiyar da take ja. Ranar 8 ga Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya ja wannan igiya da ƙarfi. Ya sa hannu a dokar da aka yi wa laƙabi da "Kada A Bar Yaro Ko Ɗaya A Baya", da goyon bayan jam'iyyu biyu, har da Sanata Edward Kennedy na jam'iyyar adawa. Duk jihar da ke son kuɗin tarayya, sai ta gwada yaranta duk shekara, ta kuma bayyana sakamakon.

Akwai alheri ɗaya a wannan doka da ba na son a manta da shi, domin masu sukarta sun cika tsallake shi. Ta hana makaranta ɓuya a bayan jimillar maki. Dole a fitar da sakamakon baƙar fata daban, na 'yan asalin Latin Amurka daban, na 'ya'yan talakawa daban, na masu buƙata ta musamman daban, na waɗanda ke koyon Turanci daban. Kuma dole aƙalla kashi 95 cikin 100 na kowane rukuni su zauna jarrabawar, don kada a ce wa mai rauni ya yi zamansa a gida ranar. Kafin wannan, makaranta za ta iya yin suna a gari alhali yaran wata unguwa da ke cikinta suna ficewa ba su iya karanta wasiƙa ba. Gani ya kori ji. Shi ya sa a 2015, lokacin da iyaye a jihar New York suka hana kusan yaro ɗaya cikin biyar zama jarrabawar don nuna fushi, manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata da na naƙasassu suka fito suka ce su dai a ci gaba da gwajin. Sun san yadda abin yake a lokacin da ba a ƙirga 'ya'yansu.

Matsalar ta taso ne daga abin da aka ɗaura wa makin. Dokar ta ce zuwa 2014 kowane yaro a Amurka, ɗari bisa ɗari, sai ya kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta kasa cim ma adadin da aka yanka mata shekara biyu a jere, a ba iyaye damar kwashe 'ya'yansu zuwa wata. Shekara uku, a biya wa yaran darasin bayan tashi daga kuɗin da aka ware wa gundumar. In abin ya ci gaba, a canza manhaja, a sallami malamai, a miƙa makarantar ga wasu, ko jiha ta karɓe ta. Zuwa 2011, kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar sun shiga sahun waɗanda suka gaza.

Sai kuma aka bar wa kowace jiha ta ƙera mudunta da kanta. Ita za ta tsara jarrabawar, ita za ta ce ga makin da ya isa a kira yaro ƙwararre. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san mai awon da ke buga gindin mudu ya lotsa ciki: a ido ya cika ya yi tozo, a gida sai a ga tuwo bai kai ba. A 2005 jihar Tennessee ta sanar cewa kashi 87 cikin 100 na 'yan aji 8 sun ƙware a lissafi. Da sakamakon gwajin ƙasa na NAEP ya fito a shekarar, gwajin da ba a hukunta kowa da shi, sai ya nuna kashi 21. A Mississippi, jiha ta ce kashi 89 na 'yan aji 4 sun ƙware a karatu, gwajin ƙasa ya ce kashi 18. Gaskiya ne ma'aunin NAEP yana da tsauri. Amma tazarar nan ta wuce a ce tsauri ne kawai.

A cikin aji kuma abin ya sauya salon koyarwa. Aka rage lokacin tarihi da zane da kiɗa, a wasu wuraren har da na wasan tara, tunda ba su cikin lissafi. Malamai suka koyi ware yaran da ke dab da layin cin jarrabawa su dage a kansu, domin su ne za su ɗaga alkaluma. Wanda ya yi nisa a baya, wanda dokar ta ce dominsa aka yi ta, sau da yawa shi aka fara haƙura da shi.

Inda abin ya fi muni shi ne birnin Atlanta na jihar Jojiya. Shekara da shekaru makin yaran birnin na hauhawa, har a 2009 aka ba shugabar makarantun, Beverly Hall, lambar gwarzuwar shekara ta ƙasa baki ɗaya. 'Yan jaridar Atlanta Journal-Constitution ne suka fara cewa wannan tashin ya fi ƙarfin hankali. Da aka duba takardun amsa, sai aka tarar da gogewa fiye da kima, kuma kusan duk daga kuskure zuwa daidai. Rahoton binciken da gwamnan jihar ya fitar a Yulin 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44. Fiye da 80 daga cikinsu sun amsa laifi. Wasu sukan taru ne a ƙarshen mako, da fensir da magogi, suna gyara amsoshin yara. A 2013 aka gurfanar da mutum 35. A Afrilun 2015 kotu ta samu 11 da laifi, a ƙarƙashin dokar da aka saba kama gungun masu laifi da ita, wasu aka yanke musu ɗauri. Ita Beverly Hall ta rasu a watan Maris na shekarar, ba a kai ga yi mata shari'a ba, kuma har ta bar duniya tana musanta zargin.

Ba zan wanke waɗannan malamai ba. Sun ci amana, kuma waɗanda suka cuta 'ya'yan talakawa ne, akasari baƙar fata. Yaron da bai iya karatu ba aka rubuta masa ya iya, sai ya rasa darasin taimakon da ya cancanta, aka tura shi aji na gaba da ramin a cikinsa. Wannan asara ce da ba kotun da za ta mayar masa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rahoton nan ya bayyana yadda tsoro ya mamaye ma'aikata: wanda ya kawo maki ya samu kyautar kuɗi, wanda bai kawo ba aikinsa na rawa, wanda ya tona asiri a sa masa ido. Malamin da aka ce wa abincin iyalinsa ya rataya a kan lambar da ba shi da cikakken iko a kanta, an ajiye shi a bakin rijiya. Mu ma da muka san cibiyoyin jarrabawar da ake kira na mu'ujiza, ba baƙon labari ba ne a wurinmu.

A Disambar 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta Bush. Gwajin shekara-shekara ya zauna, burin ɗari bisa ɗari ya tafi. Yanzu kowace jiha ke tsara yadda za ta auna makarantunta, da sharaɗin ta zaƙulo kashi 5 cikin 100 mafi rauni daga makarantun da ke karɓar tallafin talakawa, da sakandaren da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibanta ko fiye ba sa kammalawa, ta kai musu ɗauki. Aka kuma ce a ƙara wani ma'auni bayan jarrabawa, jihohi da dama suka zaɓi yawan fashin makaranta.

Bulalar dai ba ta ɓace ba, hannu ta canza. A duba Texas, inda ake ba makarantu maki daga A zuwa F, galibi bisa jarrabawar jiha mai suna STAAR. Wata doka ta 2015 ta ce idan makaranta ɗaya ta faɗi shekara biyar a jere, kwamishinan ilimi ko dai ya rufe ta ko ya rushe zaɓaɓɓiyar hukumar gundumar. Ɗan majalisar da ya kawo wannan tanadi, Harold Dutton, tsohon ɗalibin sakandaren Wheatley ne da ke Houston, makarantar baƙar fata mai tarihi wadda ta yaye fitacciyar 'yar majalisar tarayya Barbara Jordan, kuma takaicin halin da makarantun unguwarsa ke ciki ne ya sa shi. Faɗuwar Wheatley ɗin, tare da zargin rashin bin ƙa'ida a kan 'yan hukumar, ita ta buɗe ƙofa. Bayan shekaru ana shari'a, a Yunin 2023 jiha ta karɓe gundumar Houston, mafi girma a Texas, ta sauke zaɓaɓɓiyar hukumarta, ta naɗa Mike Miles ya shugabance ta, duk da cewa a lokacin Wheatley ta riga ta farfaɗo zuwa C.

Me ya biyo baya? Alkaluman jiha sun nuna makarantu masu D da F sun ragu ƙwarai, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. A gefe guda malamai da yawa sun bar aiki, an mayar da ɗakunan karatu na wasu makarantu wuraren aikin ɗalibai da ladabtarwa, kuma a Nuwambar 2024 masu zaɓe suka ƙi amincewa da bashin dala biliyan 4.4 na gyaran gine-gine, alhali gine-ginen na buƙatar gyaran. Iyayen da aka ƙwace wa ƙuri'a sun yi amfani da wadda ta rage musu. An tsawaita riƙon zuwa 2027. Tambayar da ke damuna ita ce: wanda ya tsara jarrabawar, shi ya yanka makin, shi ya karɓe makarantun, shi kuma ke sanar da cewa an samu nasara. Wa zai duba gindin wannan mudu?

Mississippi ɗin nan da na ambata ta nuna wata hanya. A 2013 ta yi dokar da ta ce ɗan aji 3 ba zai wuce ba sai ya iya karatu. Amma ba ta tsaya a kan barazana ba. Ta sake horar da malamai kan koyar da haruffa da sautinsu, ta tura ƙwararru su zauna da malamai a makarantu mafi rauni, ta riƙa tantance yara tun daga ajin share fage don a kama matsala da wuri. A gwajin ƙasa na karatun aji 4, jihar ta tashi daga ta 49 a 2013 zuwa ta 29 a 2019. Ana muhawara kan rawar da maimaita aji ya taka a wannan, amma ci gaban ya fito ne a ma'aunin da ba jihar ce ke riƙe da shi ba.

Don haka ni ina tare da masu cewa a ci gaba da gwajin. Bayan annobar korona, wadda ta sa aka soke jarrabawar 2020, gwaji ne ya nuna cewa lissafin 'yan aji 8 ya faɗi da maki 8 a 2022, faɗuwar da ba a taɓa gani ba. Abin da nake ƙi shi ne hisabin da ke gangarowa ƙasa kawai. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun Amurka daga harajin gidaje yake fitowa, saboda haka unguwar masu hali ta fi ta talakawa abin hannu tun daga tushe. A Pennsylvania, gundumomi matalauta sun kai jiha ƙara a 2014 kan wannan. Sai a Fabrairun 2023 kotu ta yanke cewa rabon kuɗin ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Makaranta a ƙarƙashin dokar Bush shekara biyu take samu kafin a fara hukunta ta. Jiha ta samu fiye da shekara takwas, kuma yaron da ke aji 3 ranar da aka shigar da ƙarar ya kusa gama sakandare kafin a yi hukunci.

Dokar Obama ta 2015 ta wajabta wa jihohi su wallafa, makaranta bayan makaranta, nawa ake kashe wa kowane ɗalibi, da malamai nawa ne sababbin hannu, da nawa ne ke koyar da abin da ba shi suka karanta ba. Sai dai ba ta ɗaura wa waɗannan alkaluma hukunci irin na maki ba. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da Houston da sauran biranen Amurka, waɗanda 'ya'yansu da dama ke cikin rukunin masu koyon Turanci, wannan bayani yana nan a shafin intanet na ma'aikatar ilimin jiharku, kusa da makin makarantar. Ranar taron iyaye da malamai, ku je da shi tare da takardar sakamakon yaronku, ku tambayi shugaban makaranta wane taimako aka tanadar wa yaron a inda ya yi rauni, da kuma ranar da za a fara.

Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.