Daga ƙasan teburi zuwa kofi: yadda ake gane farfaɗowar gaskiya a hokin ƙanƙara

Masu kallo, barkanmu da war haka. Da zarar watan Janairu ya kama, gardama ɗaya ce ke tashi tsakanin magoya bayan ƙungiyoyin hokin ƙanƙara na gasar NHL a Amurka da Kanada. Ƙungiya ta fara kaka da ƙafar hagu, sai ga shi ta ci wasa biyar ko shida a jere. Wasu su ce an farfaɗo, gurbin wasannin neman kofi ya zo hannu. Wasu su ce sa'a ce kawai, a sayar da tsofaffin 'yan wasa a tari baɗi. Wannan gardama tana da lissafi, kuma shi za mu bi yau.

Mu fara da maki. Wasa zango uku ne, kowane minti 20. Wanda ya ci yana da maki 2. Wanda aka doke a cikin mintuna 60 ɗin ba shi da komai. Idan aka tashi kunnen doki, sai a ƙara minti 5, 'yan wasa uku-uku ban da masu tsaron raga, in ba a rabu ba a je bugun daga kai sai mai tsaron raga. Wanda ya faɗi a wannan matakin yana tafiya da maki 1. Ku riƙe wannan maki ɗayan, domin shi ne ke hana na baya kamo na gaba. Idan abokan hamayyarku biyu suka kara suka kai ƙarin lokaci, maki 3 aka raba tsakaninsu, kuma dukansu sun ƙara yi muku nisa a dare ɗaya.

Ƙungiyoyi 16 ne ke wucewa, takwas daga Gabas, takwas daga Yamma: uku na saman kowane rukuni cikin rukunai huɗu, sai gurabe biyu a kowane ɓangare ga waɗanda suka fi maki cikin ragowar. Layin tsira ba ya tsayawa wuri ɗaya. A kakar 2018 zuwa 2019, Colorado ta shiga da maki 90 a Yamma, amma Montreal ta tara 96 a Gabas ta zauna a gida.

Wannan kakar ce za mu ɗauka misali, saboda ta haɗa darussa biyu. Ranar 3 ga Janairun 2019, St. Louis Blues ce ta ƙarshe cikin ƙungiyoyi 31 na lokacin. Ta buga wasa 37, ta ci 15, an doke ta 18, ta faɗi 4 bayan ƙarin lokaci. Maki 34 ke nan. Tun a watan Nuwamba an sallami koci Mike Yeo, an ba Craig Berube riƙon ƙwarya.

To ga lissafin da ya kamata kowane mai goyon baya ya yi kafin ya buɗe baki. Ka sa layin tsira a maki 95 don ka kasance cikin aminci. Cire 34, saura 61. Kakar wasa 82 ce a lokacin, saura 45, wato maki 90 ne ke ƙasa. Raba 61 da 90, za ka samu kusan kashi 68 cikin ɗari. Ƙungiyar da ta kasa kwashe rabin makin da ke gabanta cikin wata uku, yanzu ana so ta riƙa tafiya irin ta zakarun gasar har Afrilu. Duk wanda ya ce a lokacin abin da wuya, gaskiya ya faɗa. Blues ta ci 30, an doke ta 10, ta faɗi 5 bayan ƙarin lokaci, ta tara maki 65, ta ƙare da 99 a matsayi na uku a rukuninta.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi: kallon maki zalla ba tare da duba kwantan wasa ba. Ƙungiyoyi ba sa buga adadin wasanni ɗaya a tsakiyar kaka. A raba makin da aka samu da makin da ake iya samu, wannan kason shi ne teburin gaskiya. Kuma kwantan wasa ba maki ba ne sai an ci shi, musamman idan ya faɗo a dare na biyu na wasanni biyu a jere, bayan doguwar tafiya, lokacin da ake yawan sa gola na biyu.

Me ya canza a St. Louis? Babban abu yana cikin raga. Ranar 7 ga Janairu, Jordan Binnington, ɗan shekara 25 da ya daɗe a ƙaramar gasa, ya fara wasansa na farko a matsayin gola tun daga farko, a Philadelphia, Blues ta ci 3 da nema. Ya ƙare kakar da nasara 24, faɗuwa 5, da ɗaya bayan ƙarin lokaci, yana tare kashi 92.7 cikin ɗari na harbin da aka yi masa. Ku ga nauyin wannan adadi. Ƙungiya tana fuskantar harbi kamar 30 a wasa. Golan da ke tare kashi 90 za a zura masa 3. Mai tare kashi 92.7 za a zura masa 2 da ɗan ɗoriya. Bambancin ya kusa ƙwallo guda a kowane dare, a wasan da sau da yawa ƙwallo guda ce ke raba gardama. Daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu suka ci wasa 11 a jere.

Amma gola mai zafi shi kaɗai ba hujja ba ne, kuma nan ne nake ganin masu taka-tsantsan sun fi masu murna gaskiya. Ku dubi Buffalo Sabres a wannan kakar dai. A Nuwamban 2018 ta ci wasa 10 a jere, ta hau saman teburin gasar gaba ɗaya. Kusan duk nasarorin da ratar ƙwallo ɗaya aka same su, da yawa kuma sai bayan ƙarin lokaci. Irin wannan nasara tamkar jefa kwabo ce. Da sa'ar ta juya, Buffalo ta ƙare da maki 76, ba ta ko kusanci layin ba.

Yaya za a bambance su tun kafin Afrilu? A ware lokacin da ake 'yan wasa biyar da biyar ban da gola, babu wanda aka fitar zaman hukunci na ɗan lokaci, domin nan ne mafi yawan wasan yake. A ƙirga duk yunƙurin harbi, wanda ya isa raga da wanda ya kauce da wanda aka tare da jiki, na ƙungiyarku da na abokan karawa. Masana na kiran wannan ma'auni Corsi. Idan kasonku ya haura 50 cikin ɗari na tsawon wasa 20 zuwa 25, faifan, wato ƙwallon hoki, yana zama a gidan abokan gaba, kuma wannan abu ne da ke ɗorewa. Daga nan a haɗa kason harbinku da ke shiga raga da kason da golanku ke tarewa, abin da ake kira PDO. A gasar baki ɗaya jimillar 100 ce cif, tunda kowane harbin da ya isa raga ko dai ya shiga ko gola ya tare shi. Ƙungiyar da ke kan 103 ko 104 alhali ana fin ta harbi, bashi take ci, kuma za ta biya. Wadda ke kan 97 amma tana fin kowa harbi, ita ce ya kamata a sa wa ido. Blues irin ta biyun ce: a ƙarƙashin Berube ta matse hanyoyin shiga tsakiyar gidanta, ta rage damarmaki masu haɗari, sai Binnington ya zo ya tarar da ginin da zai tsaya a kai.

Haka aka gani a Edmonton Oilers a kakar 2023 zuwa 2024. Ta ci 2 kacal cikin wasa 12 na farko duk da tana ƙirƙirar damarmaki, aka kawo sabon koci Kris Knoblauch a Nuwamba, daga baya ta ci 16 a jere, ta kai zagayen ƙarshe na neman kofi, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke yin nasara, Florida ta doke ta a karawa ta bakwai.

Duk wannan awo sai an gama shi kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa, wadda a 2019 ta faɗo 25 ga Fabrairu. Manajan da ya ɗauki sa'a a matsayin farfaɗowa zai ba da damarsa ta zaɓar sababbin matasan 'yan wasa baɗi don ɗan wasan da kwantiraginsa ke ƙarewa a bazara, ya rasa duka biyun. Doug Armstrong, manajan St. Louis a lokacin, bai wargaza ƙungiyarsa ba. Ta fitar da Winnipeg a wasa 6, Dallas a 7, San Jose a 6, sannan ranar 12 ga Yunin 2019 ta doke Boston 4 da 1 a gidan Boston a karawa ta bakwai, ta ɗauki kofin gasar, Kofin Stanley, na farko tun kafuwarta a 1967. Gwarzon wasannin neman kofin shi ne Ryan O'Reilly, wanda ta karɓo daga Buffalo a Yulin 2018.