Hanyar Wa Ce a Shataletale?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabannin ƙungiya, iyayenmu dattawan tasha, 'yan uwa direbobi, barkanmu da warhaka.

Da tambaya zan fara, kuma don Allah kada kowa ya ji kunya. Ka iso shataletale, ga wata mota ta riga ka shiga tana zagayowa ta hagunka. Wa zai dakata? To, na ji wasu sun ce wanda ke ciki, wasu sun ce mai shigowa, wani bawan Allah can baya ya ce mai ƙaramar mota. Shi wannan abin da yake gani kullum a kan kwalta ya faɗa. Amma a ƙa'ida kai mai shigowa ne za ka taka birki, sai na ciki ya wuce, ko da Adaidaita Sahu ce kai kuma tirela ka jawo.

Dattawan da ke nan za su tuna ran 2 ga Afrilun 1972, ranar da Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama. Kafin nan ta dama mota ke ɓullo maka a shataletale. Tun daga ranar ta koma hagu. An haura shekara 50, har yau muna gardama a kai.

Abin da ke damuna ke nan. Akasarinmu a hannun oga muka koya. Yaron mota ya yi shekaru yana wanki, yana sa weji, yana ɗaure kaya, wata rana a miƙa masa sitiyari. Wallahi irin wannan horo na fitar da gwanaye, mutum ya ji ƙarar inji ya gaya maka ciwon mota. Sai dai oga abin da ya sani zai ba ka. In bai taɓa sanin cewa farin layin da bai yanke ba a tsakiyar titi hani ne ga yin obatekin, kai ma haka za ka tashi, ka koya wa naka yaron.

Gwajin lasin don toshe wannan ɓaraka aka yi shi. Tsarin a rubuce yake: ka cika shekara 18, ka shiga makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, ta amince da ita, sannan jami'in duba ababen hawa, wato VIO, ya gwada ka. Amma nawa ne a cikinmu aka zaunar aka yi wa tambaya? Ni kaina na san wanda lasinsa ya same shi har gida, hoto kawai ya je ya ɗauka. Wannan mutum yau fasinja 18 yake ɗauka, da mata da goyo.

Roƙona ga hukuma shi ne a riƙa gwada kai kamar yadda ake gwada hannu, kuma a yi shi da harshen da direba ke ji. Wanda bai yi boko ba a zaunar da shi, a nuna masa alama da Hausa. Jan da'ira, hani. Mai kusurwa uku, gargaɗi. Shuɗiyar da'ira, umarni. A tambaye shi gudun cikin gari, ya ce kilomita 50. A tambaye shi me zai yi in ya ji jiniyar motar asibiti a bayansa, ko in tsohuwa ta sa ƙafa a layin tsallakawa. In ya faɗi, ya koma ya koyo. Ba wulaƙanci ba ne.

Ku ma shugabanni kuna da naku hannu. Kafin a ba sabon direba layin lodi, me zai hana dattawa biyu su zauna da shi?

Yanzu a matso mini da allon nan. Zan zana mahaɗa mai hanya huɗu, danja ta mutu, babu ɗan sanda. Alhaji, kai ne babba, da kai za mu fara.