Na zo kabarin Johnny Cash a Hendersonville

Assalamu alaikum jama'a, yau da sassafe na baro Nashville, tafiyar kamar rabin awa a mota, ga ni a Hendersonville inda aka binne mawaƙin kantiri Johnny Cash gefen matarsa June. Ku yi haƙuri da iskar nan, tana ta bugar min makirfo.

Ni fa waƙar kantiri tun a Kano na san ta, babanmu kaset ɗin Don Williams da Jim Reeves ba ya barin motarsa, amma shi wannan bawan Allah sai da na zo Amurka na san shi sosai. Ɗan manoman auduga ne daga Arkansas, haihuwar 1932, ya fara waƙa a kamfanin faifai na Sun Records a Memphis a 1955, a 1968 ya shiga gidan yarin Folsom ya yi wa fursunoni wasa, faifan ya zaga duniya.

To amma abin da ya taso ni yau shi ne abin da ya biyo baya. A 1986 kamfanin Columbia suka sallame shi bayan kusan shekara 30 ana tare, gidajen rediyo suka daina sa shi, wai ya tsufa zamaninsa ya wuce, wallahi duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Sai Rick Rubin, furodusan da aka sani da harkar rap da rock, ya zaunar da shi a falon gidan shi Rubin ɗin don ɗaukar faifai, ba ganga ba 'yan amshi, daga shi sai jita sai wannan murya tasa mai kauri. Da na fara ji Ɗan Maraya Jos ne ya faɗo min a rai da kuntiginsa, mutum ɗaya kayan kiɗa ɗaya, kuma ba ka iya tashi. Faifan ya fito 1994 ya ci kyautar waƙa ta Grammy, a 1994 ɗin kuma Cash ya hau dandalin bikin waƙoƙi na Glastonbury a Ingila, yaran da ya isa ya haife su suna ta ihu.

Sai bidiyon waƙar Hurt, a gidansa na garin nan aka ɗauki wani ɓangare, hannu na rawa murya ta dishe, bai ɓoye komai ba, June na tsaye a kan matakala tana kallonsa. Ta rasu Mayun 2003, shi kuma Satumba, wata huɗu tsakani.

Bari in juyo da kamara ku ga duwatsun, wani ma ya ajiye furanni da safen nan.