Darasi: Yadda Za Mu Bi Asalin Yesu a Matiyu Sura 1

Salama gare ku, 'yan'uwa masu sauraro. Ku buɗe Matiyu 1:1-17, takarda da biro a kusa. Yatsa ɗaya kuma ya riƙe 1 Tarihi sura 3, don za mu yi ta kai da komowa.

Ku raba takardar gida uku. Na farko Ibrahim zuwa Dawuda, na biyu Sulemanu zuwa Yekoniya, na uku Sheyaltiyel zuwa Yesu. A saman na farko ku sa Farawa 12:3, inda Allah ya ce ta wurin Ibrahim dukan kabilan duniya za su sami albarka. Na biyu, 2 Sama'ila 7:12-16, alkawarin gadon sarautar Dawuda. Na ukun ku bar samansa tukuna.

Gidan farko suna 14 cif. Ku kewaye Rahab ta Yariko da Rut ta Mowab: baƙi ne, ga albarkar kabilu ta fara aiki ke nan tun kafin Dawuda. Na biyu ma 14. Na uku, nan ake rikicewa. Za ku sami 13, alhali aya 17 ta ce 14, sai mutum ya yi ta sake ƙirga yana zaton ya tsallake suna. Bai tsallake ba. Yekoniya ne ke tsaye a bakin ƙofa: shi ya rufe aya 11, shi ya buɗe aya 12. Ku rubuta shi sau biyu, ƙasan gida na biyu da saman na uku. Waɗansu Dawuda suke maimaitawa, lissafin ma yana fita, amma na fi son na Yekoniya don ya bi tsarin ayoyin. Me ya sa 14? Masana da yawa suna danganta shi da sunan Dawuda, harafi uku a Ibrananci: dal, wau, dal. Wanda ya san hisabin haruffan ajami ya san dal 4 ne, wau 6. To 4 da 6 da 4, 14 ke nan.

Yanzu aya 8 kusa da 1 Tarihi 3:11-12. Bayan Yoram, Matiyu ya tsallake sarki uku: Ahaziya, Yowash, Amaziya. Ba kuskure ba ne, "ya haifi" a nan ya haɗa har jika da tattaɓa kunne. Amma ku rubuta Yowash a gefe. A 2 Sarakuna 11 Ataliya uwar Ahaziya ta tashi ta karkashe 'ya'yan sarauta, Yehosheba 'yar'uwar Ahaziya ta sace jariri ɗaya, wato Yowash, ta ɓoye shi a Haikali shekara shida, a ta bakwai aka naɗa shi. Gadon Dawuda gaba ɗaya ya rataya a wuyan yaro guda, bai kuwa tsinke ba.

Sai mu koma ga Yekoniya, wanda 2 Sarakuna ke kira Yehoyakin, Irmiya kuma Koniya. Mutum ɗaya ne, kada sunan ya ruɗe ku, kada kuma ku haɗa shi da ubansa Yehoyakim. A Irmiya 22:24 Allah ya ce ko da shi zoben hatimi ne a hannunsa na dama, sai ya cire shi. Aya 30 ta fi zafi: ba ɗansa da zai zauna a gadon Dawuda. Aka kwashe shi Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A idon mutum magana ta ƙare. Amma 2 Sarakuna 25:27-30 ta nuna a shekara ta 37 ta bautarsa an fito da shi daga kurkuku, yana ci a teburin sarki. Daga zuriyarsa Zarubabel ya fito, shi ne Allah ya ce wa zai mai da shi kamar zoben hatimi. Zoben da aka cire, ga shi ya dawo hannu. Wannan ayar, Haggai 2:23, ita za ku rubuta a saman gida na uku.

Zarubabel gwamna ya yi, bai yi sarki ba, na bayansa kuwa har Yusufu kafinta ba wanda ya hau gado. Hukuncin ya tabbata, zuriyar kuma ba ta yanke ba. Ku ja layi a aya 16, inda salon ya sauya: ba a ce Yusufu ya haifi Yesu ba, mijin Maryamu aka ce, ita kuma ta haife shi. Kafin mako mai zuwa ku jera Luka 3:23-38 haka, ku nemo inda ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda, maimakon Sulemanu.